Anthias a tankin lita 300: wanne ya dace?

Malam, ka ce tankinka na ruwan gishiri lita 300 ne, akwai murjani mai rai a ciki, kuma kana son zuba anthias (ƙananan kifayen teku masu launi) shida da wasu kifaye. Gaskiya shida sun yi yawa. Ka tsaya a uku, namiji ɗaya da mata biyu. Kada ka haɗa maza biyu, za su yi ta faɗa har ɗaya ya laɓe bayan dutse ya daina cin abinci. Dukkansu mata ake haifarsu, idan namijin ya mutu babbar macen ce ke rikiɗewa ta maye gurbinsa.

A cikin nau'o'in anthias, ni Bartlett zan zaɓar maka, ya fi jurewa. Lyretail na Bahar Maliya kyakkyawa ne, amma yana da zafin rai. Purple Queen kuwa ka rabu da shi, sau da yawa yunwa ke kashe shi a tanki.

Babban aikin shi ne ba su abinci: kaɗan-kaɗan sau uku a rana, mysis mai ƙanƙara (ƙananan halittun ruwa masu kama da jatan lande). Ka rufe saman tankin da raga, suna tsalle. Cikin sauran kifaye, clownfish biyu da royal gramma ɗaya sun ishe su maƙwabta. Zafin ruwa ya tsaya digiri 25 zuwa 26 na ma'aunin Celsius.