Kada ka yi saurin rabuwa da Contax T2 ɗinka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka tun jiya da dare, na bari sai da na samu natsuwa domin amsar tana da ɗan tsawo. Idan na fahimce ka, kana da ƙaramar kyamarar fim Contax T2 yau shekara biyu, lafiyarta lau, amma tana yi maka nauyi a aljihu kuma ba ta barinka ka matsa kusa da abin da kake ɗauka. Shi ya sa kake tunanin ka sayar ka ciko kuɗi ka ɗauki T3, ko ka koma Leica Minilux ko Ricoh GR1.

Ni dai ra'ayina, kada ka sayar tukuna. Na riƙe T2 shekaru, na yi amfani da Minilux da GR1 na wani lokaci, T3 kuwa aro na karɓa wajen wani abokina na ɗauki fim uku da ita. Bari in gaya maka abin da na gani.

Mu fara da T3, tunda ita ce ta fi tsaya maka a rai. Kamfanin Kyocera ne ya yi su duka biyun, T2 a 1990, T3 a 2001, dukkansu da gilashin Carl Zeiss Sonnar da jikin titaniyom. Na T2 38mm ne f/2.8, na T3 35mm f/2.8 (lambar mm tana nuna faɗin abin da gilashin ke ɗauka, ta f kuma iyakar buɗewarsa ga haske). Wannan bambancin milimita 3 ɗin, wallahi ba za ka lura da shi ba sai an jera maka hotuna biyu gefe da gefe. Inda T3 ta yi wa yayarta fintinkau shi ne matsowa kusa: T2 ba ta saita hoton abin da nisansa ya gaza santimita 70, ita kuwa T3 tana sauka har santimita 35. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ɗaukar hannun mai ɗinkin hula, ko kwanon abinci, ko fuskar jariri ta cika hoton. Ta kuma fi ƙanƙanta, kusan giram 230 a kan 295 na T2, tana shiga aljihun gaban riga ba tare da ta ja wuyan rigar ƙasa ba.

To amma ga abin da za ka rasa, wanda masu yabon T3 ba su cika faɗa ba. A T2 zoben ƙofar haske, wato wanda ke daidaita yawan hasken da ke shiga, yana jikin gilashin, ka murza da yatsu biyu ba tare da ka ɗauke ido daga tagar leƙe ba. Filasha ma a wannan zoben take, in ba ka murza zuwa wurinta ba ba za ta taɓa haska wa mutane ido ba zato ba tsammani. Ƙara haske ko rage shi yana da nasa ɗan maɓallin juyawa a sama. A T3 an matse komai saboda ƙanƙanta, abubuwa da yawa sai ka danna maɓalli ka duba ɗan allo. Ni mai manyan yatsu ne, sai na ji kamar ina ƙoƙarin saka zare a allura. Tagar leƙen T2 kuma ta fi faɗi da daɗin kallo, musamman ga mai tabarau irina. Abu ɗaya da ke ba ni haushi da T2 har yau shi ne in ka sa zoben a kan 2.8, kyamarar ce ke zaɓar wa kanta abin da ta ga dama, ba za ka iya tilasta mata ta tsaya a buɗe ba. Amma na saba.

Batun kaifin hoto kuwa, an ce gilashin T3 ya fi, kuma na yarda ya ɗan fi a gefe-gefen hoto. Sai dai ka tambayi kanka ina hotunan naka suke ƙarewa. Idan ɗan sikanin da mai wanki ke turo maka ne kake ɗorawa a Instagram, to na'urar sikanin ce ke yanke hukunci, ba gilashin ba. Na taɓa haɗa hotunan kyamarorin biyu na nuna wa shi kansa mai T3 ɗin, bai iya ware nasa ba.

Minilux ta fito a 1995, kuma gilashinta Summarit 40mm f/2.4 yana cikin mafi kyau da na taɓa gani a ƙaramar kyamara. Yadda yake fitar da fatar mutum, musamman baƙar fata da hasken la'asar, akwai wani laushi da ba na samu a Sonnar. Amma ba za ta magance maka ko ɗaya daga cikin matsalolinka biyu ba. Ta fi T2 kauri da nauyi, kamar ƙaramin bulo take, kuma ita ma santimita 70 ne iyakarta. Tagar leƙenta ƙarama ce ƙwarai, kamar kana leƙen ramin makulli. Duk sanda ka kashe ta ka kunna, filasha ta koma kan sarrafa kanta, sai ka sake dannawa kafin ka kashe filashar. Sannan duk wanda ya san Minilux ya san E02, saƙon da ke fitowa a allo idan siririyar wayar da ke haɗa gilashi da jikin kyamara ta tsage. Masu gyaran waya fleks suke ce wa irinta, wadda ke cikin tsofaffin wayoyin nan masu buɗewa da rufewa. Kullum gilashin ya fito ya koma tana lanƙwasawa, shekara 30 kuwa ba kwana 30 ba ce.

GR1 wata duniya ce daban. Ta 1996 ce, aka bi ta da GR1s da GR1v. Sirantarta ta wuce misali, jikin magniziyom, ba ta kai giram 200 ba, in dai aljihu ne damuwarka babu kamarta a cikin waɗanda ka lissafa. Tana da wani tsari da ke kafe saiti a kusan mita 2, ka ɗaga ka danna kawai ba jira, shi ya sa masu ɗaukar hoton titi ke sonta, har mai ɗaukar hoto Daido Moriyama na Japan ya shahara da riƙe kyamarorin Ricoh GR. Amma gilashinta 28mm ne. Wanda idonsa ya saba da 38mm shekara biyu, ranar farko da 28mm zai ga komai ya gudu ya yi nisa, mutane sun zama ƙanana, shara da wayoyin lantarki da bai lura da su ba duk sun shigo hoton. Dole ka shiga cikin mutane sosai, kusan ka taka ƙafarsu. Idan kai mai kunyar matsawa ne, za ka wahala. Kuma yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu allon samansu ya fara cinye lambobi, ba ka gane saura hoto nawa, motarta kuma tana da ƙara. Ban ce kada ka saye ta ba, amma ta zama ta biyu kusa da T2, ba madadinta ba.

Nikon 35Ti ta 1993 ba ka ambace ta ba, amma tana sauka santimita 40, awon haskenta na da kyau sosai, ga allurai a sama kamar agogon hannu. Girmanta dai ɗaya da T2. Minolta TC-1 kuwa ƙarama ce kamar kwalin ashana babba, sai dai ita ma 28mm ce.

Yanzu ga ainihin dalilin da ya sa na ce ka dakata. Duk waɗannan kyamarorin tsofaffin kayan lantarki ne da aka daina yi. Kyocera ta rufe harkar Contax tun 2005, kayan gyara sai dai a ciro daga wata matacciya. Ba irin Nikon FM2 ko Pentax K1000 ba ne, kyamarorin da injinsu bai dogara da lantarki ba, da makaniki mai haƙuri zai buɗe ya share ya sa mai su tashi. Idan allon lantarki ko motar ciki ta mutu, sau da yawa shi ke nan, ta zama kayan ado. Kuɗinsu kuma bai san da wannan ba. Tun da shahararriyar mai tallan kayan sawa Kendall Jenner ta fito da T2 a shirin talabijin na Jimmy Fallon a Amurka a 2017 farashi ya haukace, T2 mai kyau takan haura dala 1,000, T3 kuwa ta fi haka nesa. Wato za ka bayar da kyamarar da ka san tarihinta, ka san ba ta taɓa faɗuwa a hannunka ba, ka san ƙarar motarta, ka ƙara kuɗi masu yawa ka karɓi wadda ba ka san hannu nawa ta bi ba. Tsuntsun da ke hannu kenan za a saki saboda na kan reshe, kuma na reshen ma ba a tabbatar yana da rai ba.

Na taɓa yin wannan kuskuren. Na sayar da wata ƙaramar kyamara da ba ta taɓa ba ni matsala ba, na yi odar wata daga wani dillali a intanet da ya rubuta cewa kamar sabuwa take. A ido kam kamar sabuwa. Fim na farko lafiya, na biyu lafiya, a tsakiyar na uku, ana hawan sallah, gilashin ya fito ya ƙi komawa. Lokacin mayarwa ya riga ya wuce. Na kai wa mai gyara biyu, na farko ya ce ba ya taɓa irinta, na biyu ya buɗe ya kasa mayarwa yadda take. Tana nan a durowa har yau.

Kuma ka tuna inda muke. Duk kyamarar da gilashinta ke fita yana komawa da mota, ƙurar hunturu abokiyar gabarta ce, domin kowace fita da komawa tana jan ƙura ciki. Daga Disamba zuwa Fabrairu ni a cikin jakar leda mai zif nake ajiye tawa, in zan shiga kasuwa ko filin hawa kuwa sai in ɗauki Olympus mju II, wadda aka yi ta da kariya daga yayyafi da ƙura. Ita ma 35mm f/2.8 ce, tana matsawa har santimita 35 kamar T3, ta fi T3 rashin nauyi, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na T3 ba. Jikin roba ne, ba ka da iko a kan ƙofar haske, filasharta ma sai ka riƙa kashewa duk sanda ka buɗe ta. Amma ka lura, matsalolinka biyu, aljihu da matsowa kusa, duk ta share su ba tare da ka rabu da T2 ba. Da ni ne kai, nan zan fara. Kada kuma ka bar ko wacce a cikin mota da rana, zafin watan Afrilu yana lalata fim da allo baki ɗaya.

Wani zai ce wajen saurin ƙiftawar ɗaukar hoto T3 tana kai 1/1200 na daƙiƙa yayin da T2 ta tsaya a 1/500, kuma da ranarmu wannan yana da amfani. Haka ne, idan ka sa fim mai saurin kama haske irin Portra 400 da tsakar rana T2 tana kaiwa bango. Maganin mai sauƙi ne: ka sa fim ɗin da bai kai shi saurin kama haske ba, irin Gold 200 ko Ektar 100, da rana, ka bar 400 sai yamma ko cikin gida. Ba sai an sayi sabuwar kyamara ba.

Ga abin da zan ba ka shawara ka yi kafin ka yanke hukunci. Ɗauko hotunan fim goma na ƙarshe da ka wanke, ka ƙirga sau nawa ka rasa hoto domin santimita 70 ɗin nan, sau nawa kuma ka bar kyamarar a gida domin nauyi. Idan sau biyu ne ko uku, to sha'awa ce kawai ke damunka, kuma duk mun san wannan ciwon a gidan nan. Kuɗin cikon ka sayi fim da shi, wanda shi ma kullum tashi yake. Idan kuwa ka ga kusan kowane fim akwai hotuna biyar ko shida da suka fito dishi-dishi domin ka matsa da yawa, to kai mutumin T3 ne, ka saya da hujja.

In ta kai ga saye, kada ka sayar da T2 sai T3 ta iso ka ɗauki fim ɗaya cikakke da ita ka wanke. Ka saya wajen wanda ya yarda a mayar masa. Ka nemi bidiyon gilashin yana fita yana komawa, ka saurari motar, ka ga filasha ta haska, ka ga duk lambobin allo sun cika. Batirin T3 CR2 ne, ba CR123A na T2 ba, ka tanadi biyu tun daga can domin ba kowane shago ke da shi ba. Sai kuma sandar da ke naɗe fim a ciki: na farkon fitowa haƙori ɗaya gare su, wanda kan cinye ya daina kama fim, na baya kuma haƙora biyu. Ka ce dillalin ya buɗe bayan ya ɗauko maka hoton wurin, ka turo nan mu duba tare kafin ka tura kuɗi.