Likita, Me Ya Sa Nake Yawan Tsarguwa?

Tambaya: Likita, na gaishe da uwar mijina a gidan suna, ta amsa min a daƙile. Tun ranar ban sake taka gidanta ba, don na san ta tsane ni. Daga wata baiwar Allah, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, abin da ciwo. Amma dubi kalmarki, "na san". Amsa a daƙile kunnenki ya ji, tsana kuwa zuciya ce ta raya miki. Samu takarda ki rubuta abin da ya faru, da abin da kika faɗa wa kanki, da abin da kika aikata. Sai ki tambayi kanki: Hajiya ba ta taɓa amsa wa 'yar cikinta haka ba? Ba tun asuba take tsaye kan tukwane da baƙi ba? Wannan hanya ta gyaran tunani da ɗabi'a, da ake kira CBT, likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ne ya shimfiɗa ta a Amurka cikin shekarun 1960.

Ɗauke ƙafar nan ya fi damuna. Ke kin janye, ita ta ga kin yi gaba da ita, sai fushin da babu shi ya samu. Ki je ranar Juma'a da 'yar ledar dankalin kasuwar Farin Gada, ki zauna ko minti goma, ki lura da fuskarta. In ma akwai wata a ƙasa, gara ki ji daga bakinta.

Tambaya: In zan yi magana a taron dangi, gabana faɗuwa yake, gumi ya karyo min, sai in yi shiru. Daga wani matashi, Gangare.

Amsa: Ɗan'uwa, shirun ne ke ciyar da tsoron. Yana ba ka sauƙi yau, gobe ya ƙaru. Fara da kaɗan: jimla ɗaya a majalisar abokanka, mako mai zuwa tambaya ɗaya gaban kawunka. Bayan nan ka duba, dariyar da ka zata, an yi ta?

Tambaya: Ganin likita kan damuwa ba raunin tawakkali ba ne? Daga wani magidanci, Bukuru.

Amsa: A'a Malam, neman magani ne. In baƙin ciki ya kai mako 2 yana hana ka barci, abinci ko sana'a, je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. In tunanin kashe kai ya zo, kada ka jira, faɗa wa na kusa da kai ku tafi a ranar.