Tambayi Mai Magani: In ba Inna ragowar maganin ƙanena?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya daɗe yana fama da gudawa mai jini da majina, an yi ta ba shi maganin atini babu sauƙi. Da ya je Masar aka leƙa hanjinsa da na'ura, aka ce gyambon babban hanji ne, aka ɗora shi kan wani magani wai shi tofacitinib. Alhamdu lillahi jiki ya yi kyau, har likitansa ya mayar da shi kan mai 5 mg, ga ragowar mai 10 mg nan a gida, wasu shuɗaye. Na karanta takardar cikin kwalin, na ga har amosanin gaɓɓai yake yi wa magani. To ga Innarmu, shekarunta 61, tana da hawan jini, yatsu da gwiwoyi sun hana ta sakat, da asuba ko buta ba ta iya ɗauka. In fara ba ta? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa ƙanenki lafiya, ya ba Inna sauƙi. Kada ki ba ta, ko ƙwaya ɗaya.

Takardar ba ta yi miki ƙarya ba. Kamfanin Pfizer ne ya fito da maganin da sunan Xeljanz, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2012 don amosanin gaɓɓai mai kumburi, a 2018 kuma ta ƙara da gyambon babban hanji. Abin da ya haɗa cututtukan biyu shi ne garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa mai ita: ga wani ta kama fatar da ke lulluɓe da gaɓa, ga wani ta kama bangon hanji. Tofacitinib na shiga cikin ƙwayoyin garkuwar ya toshe wasu sinadarai da ake kira JAK, waɗanda ke kai saƙon a tayar da kumburi. Saƙo bai isa ba, kumburi ya lafa. Yana aiki, kuma da sauri. Wasu cikin makonni kaɗan suke jin bambanci. Ga shi na haɗiya, ba allura ba, ba ya kuma buƙatar firji, wanda duk mai zama da wutar Zariya ya san darajar hakan.

Amma da farko, wa ya ce ciwon Inna irin wanda maganin ke yi wa aiki ne? Yawancin iyayenmu da ke kukan gwiwa, guringuntsi ne ya zaizaye saboda shekaru da nauyin jiki. Wannan ba ruwansa da garkuwa, kuma tofacitinib ba zai yi masa komai ba sai dai ya jawo wata matsalar. Ki zauna kusa da ita gobe bayan sallar asuba ki duba hannuwanta. Mai kumburin ya fi kama ƙananan gaɓɓai, wuyan hannu da tushen yatsu, dama da hagu lokaci guda. Gaɓar kan yi taushi da ɗumi kamar an cusa ruwa a ciki, zobe ya ƙi fita, yatsu su sandare ta kasa jan carbi har sai hantsi ya dubi ludayi, sannan su saki in ta motsa. Na zaizayewa kuwa sandarewarsa ta safe gajeriya ce, aiki da tafiya ne ke tayar da shi, gaɓar ƙarshen yatsa ta yi ƙulli mai tauri. Zancen butar nan ya sa na karkata ga mai kumburin, amma daga wasiƙa ba a yanke hukunci. Sai likita ya taɓa, an gwada jini, an ɗauki hoto.

Ko da an tabbatar mai kumburin ne, ba da wannan ake farawa ba. Ana farawa da methotrexate, sau ɗaya a mako (a mako na ce, ba a rana ba, shansa kullum yana kisa), ko sulfasalazine, ko hydroxychloroquine, ko a haɗa su. Sun fi araha, an kuma daɗe da sanin halinsu. Sai sun gaza ake duban irin su tofacitinib. Sannan shuɗayen da ke hannunki na hanji ne: 10 mg sau biyu a rana na mako 8 na farko, kafin a sauko. Mai ciwon gaɓɓai ba ya wuce 5 mg sau biyu a rana. Kin ga da kin ba ta ninkin abin da ya halatta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma ya sa na ba tambayarki fili haka. Maganin da ya kwantar da garkuwa don gaɓa ta huta, ya kwantar da ita ga sauran aikinta ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin tibi, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar shekara da shekaru, ba tari, ba rama, garkuwarsa ta danne ta kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Wannan magani shi ne mai kaɗe tokar. Kuma in tibin ya tashi ta wannan hanya, ba lallai ya tsaya a huhu ba, yana iya bazuwa zuwa ƙashin baya, ciki ko ƙwaƙwalwa, ba tare da tarin da zai sa a farga da wuri ba. Shi ya sa babu likitan kirki da zai rubuta shi bai nemi hoton ƙirji da gwajin ɓoyayyen tibi ba, na fata ko na jini. In an samu, a fara maganinsa tukuna. Mu Zazzagawa ba mu da uzuri a nan, cibiyar horarwa ta ƙasa kan tibi da kuturta tana nan Saye, maganin tibi kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai dai a lura, rifampicin da ke cikin maganin tibi yana sa hanta ta narkar da tofacitinib kafin ya yi aiki, don haka ba a haɗa su.

Haka zancen yake ga ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jinin kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya, da yawansu ba su sani ba. Ga kuma ƙwayar ƙarambau da aka yi tun yarinta, takan farfaɗo ta fito da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gefe guda na jiki. Ana kuma ƙirga ƙwayoyin jini kafin a fara: wanda jininsa ya gaza 9 a ma'aunin himogulobin ba a ɗora shi a kai.

Shekarun Inna da hawan jininta wani babi ne daban. An yi wani babban bincike kan mutum 4,362 masu amosanin gaɓɓai, duka daga shekara 50 zuwa sama, kowanne da wani abu da ke barazana ga zuciyarsa, irin su hawan jini, suga ko taba. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna bugun zuciya da ciwon daji sun fi yawa ga masu shan tofacitinib fiye da waɗanda ake yi wa allurar da aka gwada shi da ita, daskarewar jini a huhu kuma ta fi bayyana ga masu shan 10 mg. Inna tana cikin wannan sahun daidai, kuma ƙwayar da ta fi haɗarin ita ce a hannunki.

Ki kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ku nemi a tura ku wurin likitan gaɓɓai. Ku tafi da duk abin da take sha a leda, har da haɗin kemis da jiƙe-jiƙe, don sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, su ma masu danne garkuwa ne, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Shuɗayen kuma ki mayar wa ƙanenki ya nuna wa likitansa. Ki tambaye shi ma ko an yi masa gwajin tibi da na hanta kafin a fara. In ba a yi ba, ya je a yi a makon nan. Zazzaɓi, gumin dare, rama, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, kowanne ya gani ya nufi asibiti a ranar.

TAMBAYA: Malam, ina shan tofacitinib saboda gaɓɓai, kuma na biya kuɗin kujerar Hajji. Allurar da ake yi wa maniyyata za ta cutar da ni? Daga wani magidanci a Samaru.

AMSA: Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ta sanƙarau ba ta da ƙwaya mai rai, a yi maka. Ta zazzaɓin shawara da ɗigon foliyo na baki su ne masu rai, ba a ba mai shan wannan magani. Duba katinka mai ruwan ɗorawa: in an taɓa yi maka ta shawara, tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In ba a taɓa ba, ka ga likitanka tun kafin a sa ranar tashi, shi zai yanke ko a dakatar da maganin na wani lokaci ko ya rubuta maka takardar uzuri, foliyo kuma akwai ta allura. Kada ka dakatar da kanka. A jirgi ka riƙa tashi kana taka ƙafa saboda daskarewar jini, maganin kuma ya zauna a jakar hannu tare da takardar likita.