Aiki a Bochum, gida a Essen: zai yiwu?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu aiki a Bochum amma gidan haya sai a Essen ka samu, kana tsoron nisa. Kwantar da hankalinka. A jirgin ƙasa, tsakanin manyan tashoshin biyu bai kai minti 15 ba.

Yankin Ruhr ke nan, a jihar Nordrhein-Westfalen ta yammacin Jamus. Duisburg, Essen, Gelsenkirchen, Bochum da Dortmund sun jeru kafaɗa da kafaɗa, har mutum kan fita daga wani gari ya shiga wani bai ankara ba, sai dai ya ga allon suna ya canza. Mutum sama da miliyan 5 ke zaune a wajen. In ka haɗa da Düsseldorf da Kolon, sun haura miliyan 10.

Kwal da ƙarfe ne suka haɗa su. Ƙauyuka ne da ƙananan garuruwa da suka kumbura a ƙarni na 19, kowanne kewaye da ramin haƙarsa, har suka haɗe. An rufe ramin kwal na ƙarshe, Prosper-Haniel da ke Bottrop, a Disamba 2018. Ranar hutu ka leƙa Zollverein, wani tsohon ramin kwal nan cikin Essen ɗinku, ka ga jan hasumiyar ramin tana tsaye. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Shawarata, ka kama gidan, musamman in yana kusa da tasha. Mota kam ban ba ka shawara ba, domin babbar hanyar A40 cunkushe take safe da yamma.