Likita Ya Amsa: Hawan jinin ido ne, ko yanar ido ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu mai shekara 63 ya daɗe yana cin karo da kujeru da bakin ƙofa, muna ɗauka tsufa ne, sai da muka kai shi asibiti aka ce hawan jinin ido ne, kuma idon hagu ya riga ya tafi. Maƙwabta suna cewa a yi masa aikin da aka yi wa wani dattijo a layinmu har ya koma gani. Zai warke kuwa? Kuma don me aka ce mu 'ya'yansa mu je gwaji, alhali ba mu da hawan jini? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Ga dukkan alamu yanar ido aka cire wa dattijon layinku, ita kuwa yanar ido da zarar an cire ta gani yakan dawo. Ciwon Baba, wanda likitoci ke kira gilokoma, daban yake. Akwai ruwan da ido ke samarwa kullum yana kuma fitarwa, to idan hanyar fitarsa ta cushe sai matsi ya taru a ciki, ya riƙa kashe jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya mutu daga jijiyar nan ba magani ko tiyatar da za ta farfaɗo da shi. Daga gefe ganin ke fara raguwa, galibi ba zafi ba ja, shi ya sa Baba yake gane fuskarki amma ya kasa ganin kujerar da ke gefensa.

Abin da ya rage shi ne a ceci idon dama. Maganin ɗigawa irin su timolol yana rage matsin, amma na kullum ne har ƙarshen rayuwa, kuma babban kuskuren da nake gani shi ne mutum ya daina da kwalbar farko ta ƙare, wai bai ga canji ba. Idan likita ya ba da shawarar tiyata, kada a tsaya jan ƙafa.

Sunan Hausar ne ya rikita ku, domin awon jinin da ake yi a hannu ba ya nuna matsin ido. Ciwon yana bin dangi, kuma ya fi yi wa baƙar fata saurin illa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ku je Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando, ku faɗa musu cewa mahaifinku yana da shi, a auna matsin a kuma duba jijiyar. Ku tafi da ƙannen Baba, kuma ku daina sayen maganin ƙaiƙayin ido a kemis barkatai, domin masu sinadarin sitiroid suna iya ɗaga matsin.