Kar ka bi da A-2 kaɗai

Ɗan'uwa kace a Omaha Hi-Lo, wasan karta na poker da ake raba tulin kuɗin biyu tsakanin babban hannu da ƙaramin hannu, tulin ya kai 300, sai ka zuba 100, kana riƙe da A-2, ƙasa akwai 4, 7, K, Q, saura kati ɗaya a buɗe, ko ka bi? Gaskiya kar ka bi. Mu nan Ringim da gyaɗa muke bugawa kan tabarma kuma nan kowa ke ruftawa, da A-2 ƙaramin hannu kake hari, ko ka ci rabi kawai zaka ɗauka, 200 cikin 400, sai kana ci kashi 50 kafin ka tsira da uwar kuɗi, alhali katunan da zasu fishsheka 16 ne, wato 3, 5, 6, 8 huɗu-huɗu, cikin 44 da baka gani ba, wajen kashi 36 kenan. In wani ma yana da A-2 kwata zaka samu, ɗarinka ce kawai ta dawo. Sai dai in kana harin babban hannun shima.