Amsa ga ƙanwar da rabe-raben tsirrai ya hana barci

Salamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki, cewa saura mako uku jarrabawa, kin haddace biriyofait da teridofait da jimnosfam da anjiyosfam, amma da kin rufe littafi sai su cakuɗe miki. Wallahi sai da gabana ya faɗi, kamar ni ce na rubuta. Kwas ɗin nan sai da na maimaita shi, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Ranar firaktikal aka jera mana rassa a kan tebur, kowanne da lambarsa. Na bakwai wani reshe ne siri-siri kamar allurai, da 'yan ƙwallaye masu kaushi a jiki, irin bishiyar nan kashuwarina da ake shukawa a harabar makarantu. Tun sakandare aka gaya mana fayin ce, bishiyar nan mai ganye kamar allura wadda ba ta fure, don haka hankalina kwance na rubuta rukunin fayin, wato jimnosfam. Malamin ya zare takardata tun ban gama ba, ya ɗaga ta sama ya karanta wa aji, ya ce wadda ba ta san wannan ba gara ta koma gida a yi mata aure. Aka kwashe da dariya. Na tsaya da biro a hannu yana rawa, ga zafin Afrilu irin na Sakkwato, ga hawaye na ƙoƙarin zubowa, sauran tambayoyin ko ganinsu ban yi ba. Abin da ya fi ci mini rai, mutumin nan bai taɓa kawo mana ganye ko ɗaya aji ba. Takardun darasinsa kawai yake sayarwa, wanda bai saya ba kuwa ya san makomarsa. Na je ofishinsa sau uku, ya bar ni tsaye a bakin ƙofa. Na bar shi da Allah. Sai daga baya wata Anti da ke gaba da mu ta tsinke allurar nan a gabana, na ga ashe ƙaramin reshe ne mai gaɓa-gaɓa, ganyen kuwa 'yan haƙora ne kewaye da kowace gaɓa. Kashuwarina mai fure ce, anjiyosfam. Minti biyu ya ishe shi ya nuna mana.

To ki daina hadda, ki bi ruwa. Ni a gonar Baba a fadamar Kwalkwalawa na gane haka. Kakannin tsirran tudu koren gansakuka ne na ruwan daɗi, kuma alamun farko na hawowarsu tudu sun kai shekara miliyan 470. Kowane rukuni da kike fama da sunansa, wata dabara ce ta rage dogaro da ruwa.

Idan an yi ruwan Agusta ki duba gindin katanga inda rana ba ta kaiwa, ko bayan randa. Za ki iya samun kore mai laushi kamar karammiski, wani lokaci da 'yan sanduna tsaye masu kai kamar na ashana. Shi ne biriyofait. Ba shi da jijiyar jan ruwa ta gaske, shi ya sa ba ya tsawo, kuma ƙwayar namijinsa sai ta yi iyo a danshi kafin ta kai ga ta macen. Mu a Hausa, da shi da yauƙin kududdufi duk gansakuka muke cewa, amma a jarrabawa kar ki haɗa su, na kududdufi bai shiga tsirran tudu ba. Teridofait ya samu jijiyoyi, zailam da fuloyem, ya miƙe tsaye, sai dai har yanzu ba shi da iri, kuma haihuwarsa na buƙatar ruwa. Tsirrai masu jijiya sun bayyana wajen shekara miliyan 430 da suka wuce. Misalin teridofait shi ne tsiron da ake kira fan, amma a garin nan da wuya ki gan shi a daji, ki je wurin masu sayar da furanni ki juya bayan ganyensa, ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa su ne ma'ajin sifo, 'yan ƙwayoyin da yake yaɗuwa da su a maimakon iri.

Daga nan sai iri da ƙurar fure, waɗanda suka raba haihuwa da ruwa gaba ɗaya. Jimnosfam irinsa tsirara yake, ba a cikin 'ya'yan itace ba. A wurin masu furannin nan ki nemi sikas, kamar ƙaramin dabino yake amma ba danginsa ba ne. Duk duniya jimnosfam kusan kala dubu ne kawai, masu fure kuwa wajen 300,000, alhali su ne 'yan baya-bayan nan, ba su bazu ba sai bayan shekara miliyan 130 da suka wuce.

Masu fure kam ai su muke ci. Baba ya tuge gero da wake ya miƙo mini, ya ce, "Ɗiyata, wanga saiwa tai gezau-gezau, wancan guda ta nutsa ƙasa." Gero, dawa, shinkafa, albasa, giginya, goruba, har kainuwa da ke yawo a kan ruwa, duk monokot ne, wato masu furen da ƙwayar irinsu ba ta rabewa biyu. Wake, gyaɗa, kuka, gawo, daikot ne, masu ƙwayar irin da ke rabewa biyu. Ki jiƙa wake da masara kwana ɗaya, waken zai rabe biyu, masarar ba za ta rabe ba. Sabbin littattafai masu bin tsarin binciken ƙwayoyin gado da aka fara fitarwa a 1998 sun ce daikot ba zuriya ɗaya ba ce, suna cewa yudaikot ga mafi yawansu, amma ki rubuta wanda malaminku ya koyar, don Allah kar ki yi jayayya da shi a takarda.

Kuma ki ci abinci, ki yi barci. Ni lokacin har olsa na kamu da ita saboda kwana karatu da shayi kawai, Inna ta yi ta kuka. Kar ki shiga ofishin kowa ke kaɗai, ki tafi da ƙawa. Tsohon littafina mai zane-zanen da na yi a shekarar maimaici yana nan, ki yi mini magana ta akwatin saƙo in ɗauki hotunan shafukan in turo miki yau da dare in Allah ya yarda.